Koren Fenti a Takalmin Aku

Ƙanena gyaran takalmi yake yi, shekara goma sha tara ke nan, a wani ɗan shago da ke kallon teburina. Ni jakunkunan makaranta da safa da robar ruwa nake sayarwa, saboda haka duk abin da ya yi daga safe zuwa yamma a idona yake yi, ko ina so ko ba na so. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da ƙusa biyu ko uku a gefen baki. Mutanen layinmu Likita suke ce masa. Ni da na goya shi ban taɓa kiransa haka ba, don kada kansa ya ƙara girma.

Sunan bai zo a banza ba. Ƙanena ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. Ka miƙa masa takalmi ya kifa shi, ya shafa ƙasan da babban yatsa, sai ya fara ba ka labarin kanka. Ya taɓa ce wa wani direba, "Kulocin motarka ya yi tauri, je ka a duba," kuma haka ne. Ya ce wa wata mata gwiwarta ta dama na ciwo, alhali ko mijinta ba ta faɗa wa ba. Tun yana ƙarami haka yake. Innarmu ta aike shi, sai a tsinto shi a tsugune a hanya yana nazarin sawun mutane, kuɗin aiken a hannu.

Aibinsa ɗaya, kuma ni na fi kowa saninsa: "yanzun nan". In ya zura zare a basilla, wato babbar allurar ɗinkin fata, to lokaci ya tsaya masa. Ka ce masa gobara ta tashi, zai ce, "Yanzun nan, bari in ƙulle wannan."

Matarsa a asibiti take aiki, tana fita da sassafe, ba ta dawowa sai la'asar. Shi ya sa ɗauko yara daga makaranta aikinsa ne, a kan kekensa. Yaran biyu ne. Babbar shekararta bakwai, Aku muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa. Har kaza sai ta tambaye ta ina za ta. Sai Auta, ɗan shekara huɗu, wanda bana ne zai fara zuwa.

Makon da ake shirin komawa makaranta, layinmu ba ya shiguwa. Uwaye na jan yara, yara na jan jakunkuna, kowa ya tuna da tsohon takalmin da ya jefa ƙarƙashin gado tun ranar hutu. Shagon ƙanena ya cika har bakin ƙofa, ƙananan baƙaƙen takalma ɗaure bibbiyu da igiyarsu, kowanne da alamar alli. A gidansa ma hidimar ce. Auta ya kwana uku yana yawo da sabuwar jaka a baya, babu komai a ciki sai murfin kwalba, har banɗaki da ita yake shiga.

Ranar Talata, saura kwana shida, Aku ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ni da Auta ba za mu je ba."

Uwarta ta yi dariya. Laraba ta maimaita, Alhamis ma haka, sai dariya ta ƙare. An tambaye ta ko malama ce ta dake ta, ta girgiza kai. Ko ƙawaye ne suka tsokane ta? A'a. Ko karatun ne ya yi wuya? Ita da take zuwa ta uku! Aka turo mini ita teburina, wai Gwaggo ta iya lallashi. Na ba ta alewa, na ba ta safa mai fure, ta karɓa ta yi godiya, sannan ta yi gum. Abin ya ba ni tsoro, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da muke roƙo ta yi shiru, yau ita muke roƙo ta yi magana.

A ranar Alhamis ɗin ne uwar ta zazzage buhun kayan makaranta, ta kawo wa ƙanena takalmin Aku na bara, ta ce ya duba ko zai ƙara zango ɗaya. Ina kallonsa daga teburina. Ya kifa takalmin kamar yadda ya saba, ya shafa, sai na ga ya tofar da ƙusoshin bakinsa a tafin hannu.

"Yaya, zo ki gani."

"Ina da masu saye."

"Zo dai."

Na tsallaka. Dunduniyar takalmin lafiya lau, kamar ba a taka ba. Amma a gaba, daidai ƙarƙashin yatsu, akwai wani kwari a gicciye, faɗin ɗan ƙaramin yatsa, ƙafa biyun duka. A cikin kwarin kuma da gefen fatar, koren fenti ya shiga ya zauna.

"Ƙwallo take bugawa," na ce.

"Ƙwallo ƙafa ɗaya take ci."

"To durƙuso ake sa ta."

"Durƙuso saman fata yake gogewa, ba ƙasa ba. Wannan tsayuwa ce, Yaya. A kan abu siriri take tsayawa, da yatsu, kuma ta daɗe tana yi. Ba wata ɗaya ba, ba wata biyu ba." Ya ɗaga takalmin sama yana juyawa, idonsa har ƙyalli yake yi. "Ban taɓa ganin irinsa ba."

Haushi ya kama ni. Yarinya ta ƙi makaranta, uwa ta rasa inda za ta sa kanta, shi kuma ya sami abin nazari. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Bakinta ya ƙi magana, takalmin ba zai ƙi ba." Da ya nuna wa Aku, sai ta kalli takalmin, ta kalle shi, ta fita tsakar gida.

Daga nan ya sa takalmin hagun a aljihun riga, ya shiga farautar koren fenti. Ya gwada shi a tsanin tankin ruwan maƙwabta, ƙarfen ya yi kauri. Ya gwada a tagar mai kanti, koren ya yi duhu. Ya je wurin lilon yara na bayan layi, shuɗi ne. Har ƙafar teburina ya durƙusa ya gwada, na ce in bai tashi ba zan kife masa jakunkuna a ka. Mutane na tsaye a shagonsa suna jira, shi yana can yana kankare ƙofar mutane da farce. Amma gaskiya ni ma abin ya fara cina. Na tsinci kaina ina kallon duk wani kore a hanya, har bokitin mai wanki.

Asabar da hantsi ya rufe shago ya ce makarantar zai je, an buɗe ana shara da rajista. Ya riga ya yanke hukunci: wata malama ce ke tsayar masa da 'ya a kan ƙarfen benci don horo. Na bar wa maƙwabciyata teburi na bi shi. Na ce masa don in hana shi faɗa ne. Gaskiyar ita ce ina so in gani.

Ba mu kai ga malama ba. A bakin ƙofar makarantar muka tarar da mai fenti yana motsa gwangwani, da maigadi, wani dattijo mai farin gemu, zaune a benci yana ba shi umarnin da bai nema ba. Ƙofar ta ƙarfe ce, rufe take ruf har tsayin mutum, da sanduna a gicciye ciki da waje. Koriya ce. Shekara biyu ƙanena yana shiga ta ƙaramar ƙofar gefe, bai taɓa ɗaga kai ya ga launinta ba.

Ya tsaya cak. Ya ce wa mai fenti, "Don Allah dakata."

Ya zaga ta ciki, ina biye. A sanda ta biyu daga ƙasa, kusa da makulli, akwai wuri biyu da fentin ya goge har ƙarfen yana sheƙi, tazararsu ba ta fi tafin hannu ba. Ya ciro takalmin ya ɗora. Kwarin ya zauna a kan sandar daram.

"A'a, takalmin ƙawata ne wannan," in ji maigadi. Ya taso yana murmushi. "Kai ne babanta mai keke, ko? Ai nan ne wurinta. Ana tashi ƙarfe ɗaya da rabi, kafin biyu kowa ya watse, sai ni da ita. Sai ta hau nan ta riƙe sama, tana leƙen kwanar can. Wata rana har uku saura."

"Uku saura?" in ji ƙanena. "Baba, ni da nake zuwa da an tashi?"

Dattijon ya dube shi, ya dube ni. Ni kuwa, wannan ne karo na farko a rayuwata da na samu irin wannan damar yi masa faɗa na bar ta ta wuce.

"Amma kullum a benci nake samunta," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"To ai da ta hango kan kekenka sai ta diro, ta goge takalmin da siket, ta zauna. Ta ce ba ka son a wahalar da takalmi. Ba ta taɓa kuka ba, ka ji. Labari take ba ni tana sama. Duk mutanen gidanku na san su." Ya juyo gare ni. "Ke ce Gwaggo mai faɗa?"

Na ce ni ce.

A hanyar dawowa ƙanena bai hau keken ba, tura shi ya yi. Na tausaya masa, na kuma ji kunyar kaina. Ni da ke zaune ina kallonsa kullum, sau nawa na ga rana ta karkata yana "yanzun nan" ban ce uffan ba?

Muka sami Aku a tsakar gida tana ɗaure wa Auta igiyar takalmi. Ya tsuguna a gabanta, ya ajiye takalmin hagun a ƙasa.

"Na je na ga ƙofar," ya ce.

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ai ka ce kana zuwa. Kuma kana zuwa."

"To me ya sa bana kika ce ba za ku je ba?"

Ta kalli ƙaninta, wanda ke ƙoƙarin cusa murfin kwalba a hanci. "Ni na iya jira, Baba. Auta bai iya ba. Ƙafarsa ba za ta kai sandar ba, ni kuma ba zan iya ɗaga shi in riƙe sama ba. Kuka zai yi ta yi."

Uwarsu ta shige ɗaki da sauri. Ƙanena ya rantse ba zai sake makara ba. Aku ta ce, "Haka ka ce bara." Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tuni ne kawai. Aka yi ta ja, daga ƙarshe ta yarda da Litinin kaɗai: in ya makara, shi ke nan.

Lahadi ya sa wa takalmin Aku sabon ƙasa. Tsohon kuwa ya kafa shi da ƙusa a bango, daidai inda idonsa ke sauka in ya ɗaga kai daga ɗinki.

Litinin sha biyu da rabi, basilla na tsakiyar wani takalmi, ya ajiye ta. Mutum huɗu na zaune suna jira. Wani ya ce, "Likita, saura fa ɗinki uku!" Ya ce, "Yayata za ta ba ku haƙuri," ya haye keke. Ni aka bari da su, kuma na ba su haƙurin irin nawa.

Biyu saura kwata sai ga su. Auta a gaba ya yi barci, jaka a wuya. Aku a baya, bakin ya dawo: an canja musu aji, sabuwar malama tana da tabarau, wani yaro ya yi amai a kan rajista. Ta diro tana cikin magana, sai idonta ya sauka a ƙasa. Ta tsuguna a gaban ubanta, ta ce ya ɗaga ƙafa. Ta shafa ƙasan takalminsa da babban yatsa, yadda yake yi, ta duba yatsan. Sabon fentin ƙofar bai gama bushewa ba, ga shi kore shar, ƙafa biyun duka. Gajeren mutum, ashe da ya isa ya tarar da ƙofa a rufe, sai ya hau sandar waje yana leƙen ajinsu.

"Mai wannan takalmin ya daɗe a tsaye," ta ce.

"Minti arba'in," in ji shi.

"Yatsunka sun yi zafi, ko?"

"Sun yi."

Ta miƙe ta karkaɗe siket. "Ba a tsayawa da biyun lokaci ɗaya, Baba. Da ƙafar dama za ka fara, in ta gaji sai ka koma hagu. Gobe zan nuna maka."