An harbi dabinon Hajiya

Jama'a, yau maigidana ya yi farautarsa ta farko, a tsakar gidanmu na unguwar Jurf, nan ƙasa mai tsarki!

Baka ya sayo, wai zai koyi harbi. Aka ce ya nemi buhu mai tauri ya riƙa gwadawa. Sai ya jawo na bayan ƙofa.

Na fito na tarar da kibiyoyi cake a jikin buhun. Dabinon ajwa ne fa, tsarabar da alhazai za su kai wa Hajiya mahaifiyata Kano gobe!

Na ce, "Baban Usama, me zan gani haka?"

Ya ce, "Wallahi buhun nan mumtaz ne, babu kamarsa, kibiya ba ta wucewa."

Ina tsaye ina huci, ya lashi bakin kibiya, ya ce, "Akwai wani buhun?"