Ni Na Ce a Rubuta Na Ajiye

Shekara tara ina ɗaure kwalaye a wani kamfanin tura kaya a unguwar Xiaobei, can ƙasar Sin, ina kuma yi wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi tafinta. Kowane wata ana cire wani abu a albashina, wai don ranar da aiki ya ƙare. Ko waiwayar abin ban taɓa yi ba.

Da kasuwa ta mutu, mai kamfanin, wani dattijon Basine, ya miƙo mini takardar sallama. Ni kuwa kalmar kora ce ta tsaya mini a wuya. Na san mutanenmu, kafin la'asar maganar ta zaga masallaci, kafin magariba tana Kano.

Na ce, "Laoban," haka muke kiran mai kamfani, "ka rufa mini asiri. Rubuta ni na ajiye da kaina."

Sau biyu yana tambayata ko na tabbata, har na ji haushinsa. Ya sake wata takardar, na dangwala yatsa a jar tawada, na fito ina wani ɗaga kafaɗa. A gida kuwa ce wa matata na yi an sallame ni. 'Yar ƙasar ce, Musulma, kuma albarkacin aurenmu na ci gaba da zama a ƙasar.

Wata goma sha huɗu ina zaune. Kullum da safe in sa kaya masu guga in tafi Xiaobei, duk wanda ya tambaya in ce hutawa nake, nawa zan buɗe. Idan na ji ƙarar salatif a wani shago sai hannuna ya motsa shi kaɗai, kamar akwai kwali a gabana. Abin yana ba ni tsoro. Matata kuma tana tsaye a shagon taliya har ƙafafunta su kumbura. Mun riga mun yanke cewa idan ba abin da ya shigo, za mu saki ɗakinmu na unguwar Dengfeng, ta tafi da 'yarmu wajen iyayenta can arewacin ƙasar.

Ita ta binciko cewa wanda aka sallama yana da haƙƙin tallafi daga kuɗin nan da ake cirewa a albashi. Muka tafi ofishin tare, ni duk fargabata kada a ce na makara. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta girgiza kai.

"Meyo," in ji ta, wato babu. Tallafin na wanda aiki ya rabu da shi ne ba da son ransa ba.

Matata ta ce ai sallamar mijinta aka yi. Ma'aikaciyar ba ta yi musu ba, ta juyo mana da fuskar kwamfutar kawai. Rubutun yarensu ne, matata ba ta buƙatar tafinta. Ta karanta a hankali, sannan ta juyo gare ni da Hausar da ni na koya mata.

"Maigida, wannan yatsanka ne?"

Na ce nawa ne. Wallahi gara a ce ta zage ni, amma juyawa kawai ta yi, ta kama hanyar gida.

Bayan wata guda na raka su tashar jirgin ƙasa. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta waiga dama da hagu.

"Waɗanda ka ji kunyarsu ɗin, ina suke? Ko ɗaya bai zo raka mu ba?"

Suka shiga jirgi. Shekara biyu ke nan, a ɗakin da nake raɓe yanzu, har yau nakan tsinci kaina ina shirya mata amsa.