Kukan da Na Yanke

Shekarun baya, zamanin da nake ganin duk Lafia babu mai kunne irin nawa, ina da wani wuri da nake kira situdiyo. Ɗakin zauren gidanmu ne. Tsohuwar laftof wadda sai an tokare murfinta da littafi, makirufo ɗaya da muka sa wa safa, kwalayen ƙwai a bango, sai bargon da mai waƙa ke lulluɓa da shi don kada kukan akuyar maƙwabta ya shiga. A zafin Lafia fa! Mutum ya yi baiti biyu ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya.

Aikinmu haɗin gambiza ne. In ɗauko muryar wani tsohon mawaƙi, in yanko inda ya fi daɗi, in ɗora a kan kiɗan zamani, abokina ya cike sauran da tasa muryar. Abokin nan nawa ɗan Doma ne, ɗan ƙabilar Alago, yana karatun aikin gona a Shabu. Shi ne mai murya, ni ne mai yanka. Ina kuma da wata ɗabi'a: kowace waƙa, kafin kiɗa ya shigo, sai an ji ni ina kiran laƙabina sau biyu, don kada wani ya ce shi ya yi.

Wata rana da hantsi an kawo wuta, ina sauri kafin a ɗauke, sai ga shi da memori a hannu. Wajen wata biyu ke nan da rasuwar mahaifinsa, kuma tun lokacin bai ƙara shiga bargon nan ba. Ya ce, "Abeg, muryar Mama ne, ƙanwata ta ɗauka da waya. Iska ya yi yawa a ciki, ka goge mini." Ya ci gaba da bayani, ni kuwa kunnena ɗaya na cikin hedifon, sai "eh, eh, ba matsala" nake yi. Wallahi har ya fita ban san me ya faɗa ba.

Da na kunna, tsigar jikina ta tashi. Ban jin Alago in ban da gaisuwa, amma muryar matar nan sai ta hau can sama, ta tsaya, sannan ta gangaro a hankali. Ban taɓa jin irinta ba. To ga inda nake jin nauyin faɗa. Tsakanin baiti da baiti takan tsaya ta yi shessheƙa, a bayanta kuma akwai wasu mata suna kuka ƙasa-ƙasa. Na ji. Ba zan ce ban ji ba. Amma abin da ya zo mini a rai kawai shi ne wannan shessheƙar za ta ɓata mini tafiyar kiɗa. Na bi ta ɗaya bayan ɗaya na yanke, tare da iskar.

Na ajiye masa gogaggen nasa a gefe. Sannan na ciro baiti biyu, na ƙara musu sauri, na zuba ganguna, na liƙa laƙabina a gaba. Niyyata in ba shi mamaki. Amma ina! Ɗoki bai bar ni ba. Na kai wa mai tura waƙoƙi a waya da ke bakin kasuwa, na ce ya ji kawai, kada ya ba kowa. Ka ji an ba kura ajiyar nama. Kafin mako ya zagayo, 'yan acaba na sa ta, shagon aski na sa ta, har wani biki an taka rawa da ita. Ni kuwa kaina ya kumbura, tafiyata ma ta canza.

A Lafia yawancin masu rawar ba su san me ake cewa ba. A Doma kowa ya sani.

Ranar kasuwa, mahaifiyar abokina na zaune tana sayar da agushinta, sai sifikar wani mai cajin waya ta ɗauka. Muryarta ce, tana kiran mijinta, ganguna na bin ta. Ta tashi ta bar kayan a nan ta tafi gida. Dangi ba su yi wani dogon bincike ba: wa ke waƙa a gidan? Wa aka ba memori? Baffansa ya ce ɗan da ya mayar da makokin ubansa abin rawa kada ya ƙara zama a cikinsu. Mahaifiyarsa kuma ta daina amsa gaisuwarsa.

Da ya zo wurina bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Waƙar makoki ne. Ranar da aka binne babana ta yi shi. Ai na gaya maka."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na ce wataƙila wani ne ya kwafe daga laftof ɗina. Bai yi gardama ba. Ya ciro wayarsa ya danna, sai ga muryata tana kiran laƙabina, sau biyu, cike da taƙama. Ya ce, "Wannan ma kwafe shi aka yi?" Ya juya ya tafi.

Ashe mahaifiyata na tsakar gida tana ji. Ta leƙo ta ce, "Ka gama ƙaryar? Gobe ka sa takalminka, Doma za mu. A gaban mutane ka ɓata yaron nan, a gaban mutane za ka wanke shi."

Mun same su a tsakar gida, Mama a kan tabarma, baffan a kujera, abokina can gefe kamar baƙo. Na durƙusa na faɗi komai: ni na yi, ni na fitar, shi bai sani ba. Baffan ya wanke ni tas, ban ɗago kai ba. Da ya gama, Mama ta dube ni. Sannan ta ce, "Wanda yarona ya ce ka gyara, ka kawo?"

Na ji daɗi, ko ba komai ina da abu ɗaya da na yi daidai. Na kunna mata gogaggen. Muryarta ta fito garau, ba iska, ba komai. Ba a yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Ina kukan?"

Na ce, "Mama, na cire ne don ya fita tsaf."

Ta ce, "Wa ya gaya maka datti ne? Wannan mace yana waƙa kawai. Ni ba waƙa na yi ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Allah ya taimake ni asalin na nan a memori, ban taɓa shi ba. Na kunna, da iskarsa da shessheƙarsa da kukan matan. Ta saurara har ƙarshe. Mahaifiyata da ba ta jin ko kalma ɗaya tana share ido da bakin mayafi. Da ya ƙare Mama ta ce, "Wannan ne ni." Sai ta juya wajen ɗanta, wanda ta yi mako biyu ba ta yi wa magana ba, ta ce, "Kai, tashi ka kawo wa baƙi ruwa."

Mun shirya da abokina, ko da yake sai da aka shekara kafin ya sake shiga bargon nan. Har yau ina haɗa waƙoƙi jefi-jefi, amma ba na yanka muryar kowa sai na cire hedifon na tambayi me ake cewa, kuma a ina aka faɗa. Laƙabin ma na daina sawa. Sai dai abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Bara ina zaune a shagon aski, an gama mini rabin kai, sai na ji muryata ta kira laƙabin nan sau biyu. Na roƙi mai askin ya canza. Ya ce, "Haba oga, tsohuwar waƙa mai daɗi haka? Ka ma san wanda ya haɗa ta?"

Na ce na san shi. Ba shi da kunne.