Kafaɗar Dogo

Usta Mirsobit kafinta ne, gadon jarirai yake yi, irin wanda ake jijjigawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa a tsohuwar unguwarmu ta Tashkent. Tare suka tashi da marigayi mijina, kuma shi ya fara sa kafaɗa a makararsa. Ran nan maza sun cika layinmu har bakin titi, makara tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ba wanda ya ɗauka har ya gaji.

Daga baya unguwa ta yi daraja. Maƙwabta suka sayar da gidajensu, suka koma benaye a bayan gari. Gidan mai gurasa ya zama shagon gahawa. Gidan ungozoma ya zama inda mata ke zuwa su kwanta a tabarma suna ɗaga ƙafa. Baƙi 'yan ƙasashen waje suka cika layin, kowa da kekensa. Suna sayen gadon Usta, amma furanni suke shukawa a ciki. Bai taɓa tanka musu ba.

Abu ɗaya ne ya dame shi. 'Ya'yansa duk mata ne, suna aure a nesa. Bayan la'asar yakan zauna a bencin ƙofarsa yana duban mazan da suka rage.

"Ƙanwata," ya ce mini, "wannan ciwon baya, wancan sanda. Wa zai ɗauke ni? A mota za a jefa ni kamar buhun albasa."

Na ce Allah ba zai hana shi kafaɗu ba. Ya ce haka ne, amma ba laifi mutum ya duba.

Yoris ɗan ƙasar Holan ne, yana haya a ɗakin da ke gaban gidana. Kullum yana gaban kwamfuta, ban san me yake yi mata ba. Yana gaisuwa da hannu a ƙirji, yana jin yarenmu daidai na cefane. Sai dai tsayi. Tun zamanin surukina ƙofar gidan nan ba ta taɓa bugun goshin kowa ba sai nasa, shi kuwa kullum.

Wata rana Usta ya kira shi tsinkar inabi. Suka ɗauko tsani a kafaɗa, Usta a gaba, Yoris a baya, tsanin ya zama gangare.

"Kai dogo," in ji Usta, "me uwarka ta ba ka?"

"Madara, Baba."

"Ta yi yawa. In ka ɗauke ni haka, zamewa zan yi in riga ku isa kabari."

Yoris ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya daina. Usta ya gaya masa cewa a nan duk namijin da ya ga makara sai ya sa mata kafaɗa, ko bai san mamacin ba.

"Ni fa ba Musulmi ba ne, Baba."

"Salla akwai masu yi mini. Kafaɗa nake nema. Lanƙwasa gwiwa mu gani."

Tun daga ranar, in la'asar ta yi sai su fito da tsanin, su je bakin titi su dawo, Yoris yana tafiya kamar agwagwa. Baƙin da ke shagon gahawa suka ɗauka wani motsa jiki ne na mutanen da, suka roƙa a sa su. Usta bai gyara musu fahimta ba, ya dai jera su bisa tsayi. Wani ɗan Koriya tsayinsa ya zo daidai yadda ake so, Usta ya ba shi gadon jariri kyauta.

Da hunturu Allah ya yi wa Usta rasuwa. Mu mata ba ma raka gawa, a ƙofa na tsaya. Tsofaffin masallaci suka ɗaga makara, kafin su kai shagon gahawa ta fara rawa, ba kuma wanda zai karɓe su. Sai ga Yoris ya shiga ƙarƙashinta da gwiwa a lanƙwashe. Ya waiga ya yi wa na cikin shago magana da yarensu, suka bar gahawarsu suka fito, kowa ya nemi gurbinsa yadda aka jera shi. Na bi makarar da ido har ta sha kwana, ba ta karkata ba.

Da yamma Yoris ya dawo. Ya shigo ƙofa bai bugu ba, gwiwar ba ta gama miƙewa ba. Na zuba masa shayi, na ajiye masa gurasa. Allah ya jiƙan Usta, ya kyauta namu ƙarshen.