Mai Tsaron da Ya Hana Ƙanina Motsi

Akwai wata Asabar a zauren gidanmu na Ƙofar Ran da ba za ta taɓa fita daga raina ba, duk da cewa wasa ne ya jawo ta.

Wasan labari muke yi a kan tabarma. Ni ke jan labarin: in zana taswira a kwali, in faɗi abin da ke faruwa, kowa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama: babbar lamba nasara, ƙarama asara. Mu uku ne: ni, yayanmu, da ƙaninmu, tela a Wunti. Ƙanin namu ya karye a cinya a haɗarin babur, kuma Yaya ke tuƙi ranar. Wata huɗu yana zaune a gida. Don in ɗebe masa kewa na ƙirƙiro wasan.

Ƙanina ya zaɓi maharbi. Yaya ya ce shi mai tsaron maharbin zai zama, in rubuta masa doka. Na rubuta cewa duk sa'ad da maharbi ya doshi haɗari, mai tsaro na da ikon jawo shi baya ya karɓi saran. Har yaba wa kaina na yi. Ban lura ba cewa abin da Yaya ke yi masa ke nan kullum. Ƙafa ta warke, likita ya ce ya riƙa takawa, amma ko masallaci zai je sai Yaya ya riƙe shi, shago kuwa ya hana.

A wannan Asabar ɗin labari ya kai su wata gadar igiya, 'yan fashi na tsallake. Ƙanina ya ce zai haye.

"Na jawo shi baya," in ji Yaya.

Ƙanina ya ce to, zai hau dutse ya harba. Yaya ya jawo shi. A karo na uku ƙanina ya ajiye ɗan lidon a hankali.

"Yaya, a nan ɗin ma?"

Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce shago zai tafi yanzu. Yaya ya riga shi bakin ƙofa ya tsaya. Ban taɓa ganin sun kalli juna haka ba. Na tabbata idan Yaya ya taɓa shi za a yi abin da ba zai gyaru ba.

"Ni na ɗauke ka daga kan kwalta," Yaya ya faɗa. "Ba zan sake gani ba."

"Na sani. Amma ƙafata ce."

Sai na ɗauki biro na soke dokar, na karanta sabuwa da ƙarfi: mai tsaro ba ya motsi sai an kira shi. Na roƙe su mu ƙarasa gadar kawai. Da ƙyar suka zauna.

Ƙanina ya jefa, biyu ta fito. Na ce igiya ta tsinke, maharbi na reto da hannu ɗaya. Yaya ya damƙe gwiwarsa, leɓensa na motsi, amma bai karya dokar ba. Can ƙanina ya tura masa ɗan lidon.

"Yaya, kamo ni."

Yaya ya jefa, biyar ta fito, na ce mai tsaro ya kamo maharbi. Yaya ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Ran Litinin ƙanina ya tari keke mai ƙafa uku ya tafi Wunti shi kaɗai, Yaya na tsaye a ƙofa yana kallo. Tun daga nan na gane cewa wanda kake so, ba gabansa ake tarewa ba. Kusa da shi ake tsayawa, inda zai iya kiranka.