Ƙibar Mariya Mai Zaɓen Goro

“Likitar ce ta aure ki ko ni?”

Zulaihat ta dakata da tankaɗe. Bangon da ya raba ɗakinta da na maƙwabciyarta Mariya bai taɓa riƙe sirri ba, amma yau ce rana ta farko da ta ji muryar mijin Mariya, Alhaji Badamasi, ta ɗaga haka.

“Baban Khairat, gwiwar nan a jikina take. Cewa aka yi in riƙa takawa kullum, ko zuwa unguwar Mokola ne in dawo.”

“A ƙasa? Duk unguwar Sabo na kallo? Sai a ce na kasa biya miki kuɗin keke.”

Zulaihat ta san Mariya tun ranar da aka kawo ta amarya daga Gusau, siririya kamar sillen kara. Ana gama biki mijin, dillalin goro, ya ajiye mata kujera 'yar tsugunno da huhun goro a gabanta. Aikinta ta zaɓe mai tsutsa, ta ware fari da ja, ta yayyafa ruwa, ta jera a ganye. Daga hantsi har magariba tana zaune, sai salla ke tayar da ita. Abinci ma nan ake miƙo mata, ta ci da dama, hagu na cikin kwando.

A hankali jiki ya buɗe. Zani ya daina zagayowa, zobe ya nutse a yatsa. Mata suka riƙa cewa, “Maman Khairat, hutu ya karɓe ki.” Ita dai murmushi take. Bara ta koma salla a zaune, bana kuma asibiti suka ce jininta ya hau.

Abin da Zulaihat ta daɗe da ganowa shi ne, ba kishi ke damun Alhaji ba. Kasuwa ta juya masa baya tun tuni, ya sayar da mota, manyan rigunansa sun koɗe. Shaida ɗaya ta rage masa a unguwa cewa gidansa ana ci ana ƙoshi, ita ce jikin matarsa. Ranar biki ko suna shi da kansa ke cewa ta shirya ta je a gan ta. In Mariya ta zabge, tsofaffin majalisa za su fahimci abin da yake ɓoyewa.

Washegari da hantsi Zulaihat ta leƙo, ta ga Mariya da hijabi da silifas, tana dafa bango tana nishi. Huhun goro na nan a ɗaure. Alhaji na tsaye a zaure, bai tare hanya ba, bai kuma kauce ba. Mariya ta raɓa ta gefensa da ƙyar, ta tsaya a bakin ƙofa har numfashinta ya daidaita, sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:

“In na rame aka tambaye ka, ka ce ni ce na ƙi ci. Ba zan ƙaryata ka ba.”