Kawu Eilif da Sarkin Kifin Mahaifinsa

Kawu Eilif, wan mahaifiyata, ya shekara hamsin yana kamun kifi a tekun Lofoten, amma bai taɓa leƙa gidan tarihin ƙauyenmu ba. Ta tagarsa yake kallon baƙi suna ɗaukar hoton katakan shanya kifi, suna toshe hanci. Ya ce ba zai sayi tikiti don ya kalli kwale-kwalen da ya yi amai a ciki yana yaro ba.

Sarkin kifi ne ya kai shi. A wajenmu, in an kama kifi mai ƙullutu a goshi, wato sarkin kifi, akan busar da shi a rataye a rufin ɗaki, wai in yanayi zai canza sai ya juya. Na Kaka Ottar, mahaifin su Kawu, ya daɗe a ɗakin girkinmu kafin Inna ta ba gidan tarihi. Rannan na ga takarda a ƙarƙashinsa, da sunan Kaka, an rubuta cewa camfin mutanen da ne, kifin ba ya motsi. Na faɗa wa Kawu.

"Ubana ne mai camfi?" Ya ɗauki hularsa, na bi shi har gidan tarihin.

Mai kula da gidan, Solfrid, ajinsu ɗaya a firamare. Tana ganinsa ta ce, "Yau wace rana! Eilif, ka kawo kanka ne mu jera ka cikin kaya?"

"In tsohon kaya kike nema, duba madubi. Ina kifin?"

"Ga shi can. Shekara shida, ko gezau."

Kawu ya daɗe yana kallon sama. Ni na zaci kifin yake dubawa, ashe zaren ne.

"Wa ya rataye shi da zaren fatsa na roba?"

"Ni. Ya fi ƙarko."

"Anya ke 'yar masunta ce? Ulu ne ke shan laima ya murɗe. Roba me ta sani?"

Ya warware zaren ulu daga hannun rigar sanyinsa, na hau kujera na ɗaura. Ya sa aka buɗe tagar da ke kallon teku, muka zauna. Baƙi suka shigo suka tarar da mutum uku sun zuba wa rufi ido, su ma suka ɗaga kai. Solfrid ta dafa kofi har sau biyu. Can sai kan kifin ya bar ƙofa, a hankali, ya fuskanci taga.

Na ce, "Kawu, ruwa ne ko iska?"

"Oho. Ni rediyo nake saurara, ubana ne ya iya karanta shi. Amma dai kun ga ya juya."

Solfrid ta cire takardar, ta miƙo mini biro. "Ke mai rubuce-rubucen gidanku, gyara mana."

Har yau hannun rigar yana warwarewa, Kawu ya hana kowa ya ɗinke.